Gajeren Gogo Yahanasu

Shekara hamsin da ɗaya ke nan da aka kawo Yahanasu amarya Tamawa, gidan da ke jingine da dutse a gefen gari. Daga wani ƙauye can arewa aka ɗauko ta, kusa da iyakar Nijar. Da mata suka buɗe kayan ɗakinta, sai suka ga abin da ya ba su dariya: zangarniyar gero bakwai, baƙaƙe wuluk da hayaƙi, a naɗe cikin tsohon zane. Kakarta ce ta ba ta. Wata daga dangin ango ta tambaya ko an gaya wa mutanen arewa cewa babu abinci a ƙasar Kurfi ne. Amarya ta mayar da su cikin zanen ta naɗe. Da damina ta faɗi, ta shuka su a gayaunar da mijinta ya yankar mata a bayan dutse, nesa da gonakin mutane.

Gero ne gajere, da ƙyar yake kai ƙirjin mutum, zangarniyarsa ba ta wuce kamu ɗaya da rabi. Abin da yake da shi kawai sauri. Daga shuka zuwa girbi kwana sittin da biyar, in ya yi jinkiri saba'in. Shekara goma sha biyu ana yi mata ba'a da shi. Sai farin 1984 ya zo, ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, manyan gonaki suka koma kara. Gayaunar Yahanasu ta ba da dami goma sha ɗaya. Da su ta riƙe gidan da kunu har aka fara samun tsaba a kasuwa, ta kuma ware na iri ta hana kowa taɓawa, har mijinta. Daga shekarar nan aka daina dariya, aka fara kiran geron da sunan da kowa ke kiranta da shi: gajeren Gogo.

Yadda take aikin bai taɓa canzawa ba. Idan gero ya fara ido, takan shiga gayauna da tsummoki a ƙugunta, ta ɗaura wa zangarniyar da ta riga sauran nuna, wadda ta cika har baki, ba cutar domana a jikinta. Waɗannan daban take yanke su, ta shanya su mako guda, ta ɗaure ƙananan dammuna, ta rataye a jinkar madafi daidai saman murhu. Hayaƙin girki na yau da gobe shi ke korar ƙwari. A madafin nan kuma take ajiye busasshiyar kuɓewa da yakuwa da kabewar da ta yanyanka ta shanya, ga waken iri a tukunya cikin toka an liƙe bakin da laka. Takan ce gidan da ya iya busar da abinci da kaka ba ya roƙo da bazara.

Ba ta sayar da iri. Idan hadari ya fara haɗuwa, masu so sukan zo da ƙoƙo ta auna musu. Dole su dawo duk shekara, domin a cewarta gero yana aure da maƙwabcinsa: in ka shuka gajere kusa da dogon gero, jikokinsa sai su yi tsawo su koyi jinkiri. Nata ne kawai dutse ya kare. Kuma duk yarinyar da aka aurar daga gidan, sai ta tafi da zangarniya bakwai a cikin kayanta, kamar yadda ita ma ta zo.

Sabitu shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami takan ce "kai wannan", da ya gama makarantar koyon aikin tsafta aka ɗauke shi aiki a Dutsin-Ma, sai ta koma kiransa Duba-gari. Shi kuma Gogo yake ce mata, kamar kowa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar gida zuwa makarantar kwana, bai ƙara yin damina cikakkiya a Tamawa ba. Mutum ne mai kirki da son mahaifiyarsa, amma shekara ashirin da biyu yana leƙa kwatoci da madafan mutane sun sa idonsa ba ya ganin baƙi a bango sai ya kira shi datti.

Shekara uku da suka wuce, a watan Fabrairu, aka yi wa Gogo aikin yanar ido. Likita ya ce ta guji hayaƙi. Ta zauna gidan Sabitu a Dutsin-Ma kwana ashirin da shida tana jinya, matarsa Khadijat tana ɗiga mata magani. A cikin kwanakin ne ya yanke shawarar yi mata abin alheri ba tare da ta sani ba. Ya ɗauki magini da leburori biyu ya kai su Tamawa, ya ce a rushe tsohon madafin jinka a gina na bulo da kwano, mai taga biyu.

Ranar Alhamis aka sauke jinkar. Maginin yana kan tsani ya ɗago wani abu baƙi da kunkunniya ta lulluɓe, ya ce, "Yallaɓai, waɗannan ƙulle-ƙullen fa?"

Sabitu yana waya da ofis a lokacin. Ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Ya ce, "Haɗa da jinkar a ƙona, duk datti ne."

Ya gama wayar, ya tsaya auna taga da maginin. Can sai wani ƙamshi ya taso daga bayan gida, ƙamshin tumu, irin wanda suke gasawa suna yara. Wani lebura ya yi dariya ya ce wa ke gasa tumu a tsakiyar rani. Nan ne ya tuna. Ya ruga da sanda ya tona wutar, amma busasshiyar jinka ba ta jira. Dammuna goma sha biyu ne, duk irin shekarar. Ya tsamo zangarniya biyu, ya murza, suka zama gawayi a tafinsa.

Abin da ya kamata ya yi a ranar a fili yake, kuma ya sani. Amma tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunyar da ba ta barin doguwar magana, ga ta kwance da ido a ɗaure. Ya ce wa kansa bari ta warke tukuna. Da ta warke, ya ce bari ta ga ginin ta yi murna tukuna. Kafin ranar mayar da ita gida ya shiga kasuwar Dutsin-Ma ya zaɓi gero mafi kyau da ya gani, tiya huɗu, mai hatsin ya rantse masa cewa mai sauri ne. Ya zuba a bokitin roba mai murfi.

Gogo ta zagaya sabon madafin tana shafa bango, ta sa masa albarka. Sannan ta ɗaga kai sama, ta ga kwano fes. Kafin ta tambaya ya jawo bokitin, ya ce ya sa an sussuke mata irin an adana a nan, don kada ƙwari su shiga. Ta buɗe, ta ɗebo, ta kai hanci. Ta ce ba ta jin hayaƙi. Ya ce ai sai da aka shanya shi kwana uku aka sheƙe. Ta ce ba a sussuke iri sai ranar shuka, amma tunda an yi an yi. Idon da aka yi wa aiki bai gama washewa ba, ɗayan kuma dama ya daɗe da dusashewa. Ba ta da dalilin zargin ɗanta.

Ta yi gwajin da take yi duk shekara: ta ƙirga ƙwaya ashirin, ta naɗe a tsumma mai danshi, ta ajiye a gindin randa. Bayan kwana uku, goma sha tara sun tsira. Ta aika masa cewa bana irin ya fi na bara kuzari. Sabitu ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya ce wa kansa gero ai gero ne.

Gida tara suka karɓi iri a shekarar. Sun fi na kullum, domin rashin tsaro ya hana mutane zuwa gonakin nesa, kowa ya dogara da ɗan filin da ke kusa da gari, kowa kuma yana son abin da zai nuna da wuri. Ruwan shuka ya yi jinkiri, sai ashirin da huɗu ga Yuni ya sauka. Geron ya fito kore shar, ya kama tsawo. A kwana na arba'in, lokacin da gajere ya saba fitar da kai, wannan ganye kawai yake ƙarawa. A kwana na sittin ya wuce kan mutum. Ranar tara ga Satumba aka yi ruwa na ƙarshe, gero yana bununi. Mutane suka yi ta duban gabas har wata ya ƙare. Abin da aka girbe zangarniya ce doguwa mai kyan gani, in ka murza sai ƙaiƙayi.

Sabitu yakan zo duk Asabar. Ya ga geron yana tsawo mako bayan mako, kuma shi kaɗai a Tamawa ya san dalili. Wata Asabar ya tarar da Malam Sodangi a zauren gidan. Taubashin Gogo ne, tun suna matasa ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kuma yana cikin gida taran.

"Matata," in ji Malam Sodangi, "gajeren naki bana boko kika sa shi? Ga tsawo, ga kyan riga, kai kuwa ba komai ciki."

Da a da ne, da ta rama har sai ya nemi hanyar fita. Ran nan sai ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Idona ne. Bara ina ɗaura tsumma ina lalube, ashe dogaye na zaɓa ban sani ba."

Sabitu yana tsugune yana gyaran sarƙar babur ɗinsa. Bai ɗago ba.

Bayan girbi ta ce ya kai ta gidajen da suka karɓi iri, tana so ta nemi gafararsu. Huɗu suna kusa, ta taka da ƙafa. Biyar suna unguwannin gefe, shi ya goya ta a babur. A kowane gida yakan tsaya a ƙofa yana riƙe da babur, yana jin muryarta daga ciki tana cewa ta cuce su ba da niyya ba, tsufa ne ya zo mata ta ido. Yawanci sukan ce ba komai, daga Allah ne. A gidan Muhammadu, mai 'ya'ya bakwai da fili ɗaya, an daɗe ba a amsa mata ba. Da ta fito, sai ta kasa hawa babur ɗin, sai da ya tallafa mata.

Ya kai mata buhun masara biyu, ta raba wa gida taran ba ta bar wa kanta ko tiya ba. Hakan bai rage masa komai ba. Khadijat ta lura ya daina shan fura, ta tambaye shi sau biyu, ya ce ciki ne ke damunsa. Abin da ya karya shi ya zo ne a watan Disamba. Ya je gaishe ta, ya ga ƴar wuƙar da take yankan iri da ita a hannun wata maƙwabciya tana yanka kuɓewa. Gogo ta ce ta ba ta. Ta ce ta gama da zaɓen iri, wanda ba ya gani ba ya zaɓar wa mutane abin da za su ci, kuma gajere ya riga ya lalace a hannunta, ita ce ta kashe abin da kakarta ta ba ta. Ta faɗi haka tana ɓarar gyaɗa, ba kuka, ba ɗaga murya.

A hanyar komawa Dutsin-Ma ya tuna da zangarniya bakwai na amare. Washegari ya ɗauki hutun kwana biyu. Ya fara da Dabawa, gidan Rahamatu, ƴar ƙanen mahaifinsa da aka aurar daga gidansu. Ta yi dariya ta ce ai tun shekarar farko ta dama kunu da nata, ita yanzu da gawayi ma take girki. Ya je gida biyu a cikin Kurfi, ɗaya ta shuka ya gauraye da na mijinta, ɗaya ta manta ma an ba ta. Da la'asar ta rana ta biyu ya isa Kutawa, gidan ƙanwarsa Zaituna.

Madafinta na jinka ne, baƙi ƙirin, irin wanda da a bakin aiki ya gan shi da ya rubuta takarda. A saman murhu akwai ɗan ƙulli. Zaituna ta ce Gogo ce ta sabunta mata shekara biyu da suka wuce, zangarniya goma sha ɗaya, ba su shuka ba saboda gonarsu tana cikin daji, an daina zuwa. Ta tambaye shi me duba-gari zai yi da geron iri. Ya gaya mata komai, ita ce mutum na farko da ya gaya wa. Sannan ya faɗi shirinsa: zai kai wa Gogo ya ce an tsince su a bayan rumbu, maginin ne ya ajiye ya manta. Ta haka iri zai dawo, hankalinta ya kwanta.

Zaituna ta dube shi ta ce, "Yaya, da gerona za ka sake yi mata ƙarya?"

Ya ce don kada ranta ya ɓaci ne.

"Ranta ya riga ya ɓaci. Kai dai naka kake tsoro. In an tsinci waɗannan a bayan rumbu, to na bokitin fa, wa ya zaɓe shi? Har ta mutu tana cewa idonta ne."

Ta hau turmi ta sauko da ƙullin, amma ba ta miƙa masa ba sai da ya yi alkawarin zai faɗa da bakinsa. Ta ce in Juma'a ta zo bai faɗa ba, ita za ta hau mota ta je.

Da hantsin Laraba ya shiga gidan. Gogo tana zaune a tabarma a inuwar sabon madafi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ajiye ƙullin a gabanta. Tun kafin ta kwance ta kai hanci. Ta zaro zangarniya ɗaya, ta auna da kamunta, ta shafa ta daga gindi har baki. Shi kuma ya faɗi abin da ya faru a jere, kamar mai ba da rahoto: ranar Alhamis, wayar ofis, wutar, tiya huɗu, bokitin. Bai ce likita ne ya hana hayaƙi ba, ko da yake maganar ta zo masa baki.

Ta ji shi har ya gama. Sannan ta ce, "Ranar da na shiga gidan Muhammadu, kana ina?"

"Ina ƙofa, Gogo."

"Kana jina?"

"Ina jin ki."

Ta mayar da zangarniyar cikin ƙullin ta ɗaure. Ta ce wutar ba komai ba ce, kowa yana ƙona abin da bai san darajarsa ba. Bokitin ne ba ta san inda za ta ajiye shi a zuciyarta ba tukuna. Ta ce, "Gida tara na shiga. Ka san hanya, kai ka kai ni."

Ya shiga su duka a cikin kwana biyu, wannan karon babur ɗin ne ya tsaya a ƙofa shi kaɗai. Malam Sodangi ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ashe ba ƙarya ya yi ba da ya ce geron ya yi boko, sannan ya ce ya tashi ya je, shi ya yafe, amma ya sani ya sa ya tsokani matarsa a kan laifin da ba nata ba, wannan kuwa sai ya nemi hanyar gyarawa da kansa. Wasu suka yi mamaki, wasu suka ce dama sun yi zargin wani abu. Muhammadu ya fito zaure, ya ji, ya ce babban ɗansa ya tafi ci-rani tun kaka saboda babu abin ci, har yau ba su ji daga gare shi ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya koma ciki.

Da bazara Gogo ta murza zangarniya ɗaya, ta miƙa wa Sabitu ta ce ya ƙirga ashirin, tunda shi ke da ido. Ya naɗe a tsumma ya ajiye a gindin randa. Iri mai shekara biyu da rabi ne. Bayan kwana uku bakwai suka tsira, a kwana na biyar suka zama goma sha uku. Ta ce ya isa. A shekarar ba a ba kowa ko ƙwaya ba, duka aka shuka a gayaunar bayan dutse, shi da sungumi a gaba, ita tana biye tana zubawa tana takewa. Ta aika aka karɓo wuƙarta. Da gero ya fara ido, ta ɗaura masa tsummokin a ƙugunsa, ta ce ya riƙa faɗa mata abin da yake gani, ita kuma ta shafa ta ce a ɗaura ko a wuce. Sau da yawa ya nuna mata doguwa mai kyau ta ture hannunsa. An girbe a kwana na sittin da takwas.

A gefen madafin kwano yanzu akwai ƙaramar bukkar jinka, shi ya gina ta da hannunsa, ta ɗan karkace. A nan ake dafa ruwan zafi da dusar awaki don hayaƙi ya samu. Gogo ba ta shiga saboda idonta, shi ke hawa turmi ya rataye dammunan, ya fito yana hawaye da kunkunniya a hula. Ta ci gaba da kiransa Duba-gari, ba ta ƙara tayar da maganar bokitin ba, yana nan a ɗakinta tana zuba omo a ciki.

Bana da hadari ya fara haɗuwa, gida shida daga cikin taran suka dawo da ƙoƙo. Malam Sodangi ne na farko, ya ce sai ya ga zangarniyar da idonsa kafin a murza, kuma kada ɗan boko ya matso kusa. Gidan Muhammadu ba su zo ba. Gogo ta auna ƙoƙo guda ta ƙulle a tsumma ta ba Sabitu, ya kai. Matar gidan ta karɓa a bakin zaure ta yi godiya. Da damina ta yi nisa ya bi ta gefen filin nasu a babur, ya rage gudu ya duba. Masara suka shuka.